Buji Huɗu

Tun da ɗari ya sauka Tawa
Pijo tawa ta daina amsa kira.
In murɗa kile, ta yi tari,
ta tofo farin hayaƙi mai warin ɗanyen gazuwal,
ta koma barcinta.
Buhunan albasa kuwa suna can Tamaske suna jirana.

Yaran Bilbis suka gano.
Da an sallame asuba sai ga su, su biyar,
hannu cikin hammata, haƙora na kaɗawa.
Illa ne babba, shi ke raba aiki:
biyu gefe, uku baya.
Su tura ni har gangaren rijiya,
in saki ƙafa, ta zabura,
in jefo dala ashirin ta taga.
Wata biyu muna haka.

Ran Talata na kai ta wurin Barmu, Wadata,
gindin dogon yaro inda ƙasa ta sha baƙin mai ta ƙoshi.
Bai taɓa batir ba, bai dubi famfo ba.
Ya ce: "Injin gazuwal tsoho ne,
ba ya fita da safe
sai an kai mai garwashi har ɗaka.
Masu kai garwashin ne suka mutu."

Ya cire kan batir, ya kwance waya,
ya miƙa hannu baya bai waiwaya ba,
Arzika ya sa mai kile mai lamba sha biyu.
Ta farko ta fito kamar da ma jira take.
Ta biyu ta yi ƙara kaɗan.
Ta huɗu ma haka.

Ta uku ta ƙi.

Na ce ya ƙara ƙarfi, rana na yi.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"In ta karye a ciki, sai an sauke kan inji.
Kana da jikka tamanin?"
Ba ni da ko takwas da ba su da suna.
Ya ɗiga mata man birki, ɗigo uku,
ya sa aka dafa shayi.
Muka sha na farko. Ya murɗa kamar faɗin ƙwayar gero,
ya mayar. Muka sha na biyu.
Ya murɗa, ya mayar, ya kara kunne
kamar mai sauraren numfashin jinjiri.
Sai da aka kira azahar
ta saki, baƙa ƙirin, bakinta a kumbure.

Ya jona sabuwa ga batir don in gani.
Na ƙirga: ɗaya, biyu, biyar,
tsininta ya yi ja, ja irin na tattasai,
wuta ba harshe, wuta ba hayaƙi.
Tsofaffin, uku ko ɗumi ba su yi ba.
Ashe guda ɗaya ke ɗauke da gidan duka
tun farkon sanyi.

Da yatsa ya fara ɗaura su, kile daga baya.
"Abin da yatsa bai yarda da shi ba,
kar ka sa ƙarfe ya tilasta."

Laraba da asuba na murɗa rabi,
ƴar fitila ta kama, na jira ta mutu,
na ƙarasa.
Bugu ɗaya. Har tantabarun maƙwabci suka tashi.

A madubi na hango su, su biyar,
sun riga sun jera tafuna bisa but.
Illa ya janye nasa, ya shafa a wando,
ya dubi hayaƙin da bai fito ba.

Dala ashirin tana aljihuna, ta yi ɗumi.
Na leƙo na ce, "Wa ya iya ɗaga buhu?"
Babu wanda ya amsa.
Ƙaraminsu dai ya tambaya
ko gobe za ta sake lalacewa.